Ga mai dawowa aiki da rana: daɗin girkin mako yana cikin tukunyar Asabar

Wata baiwar Allah daga Unguwar Dosa a Kaduna ta aiko da wannan tambaya: "Anti, ni malama ce a makarantar kuɗi. Ba na isowa gida sai wajen biyu da rabi, tare da yara muke dawowa, kowa cikinsa na kiran ciroma. Kullum daga taliya sai indomi, har maigida ya fara yi min ba'a. Ga shi mutum ne mai jama'a, sai dai kawai ya bugo waya ya ce ga su nan tafe shi da abokansa uku. Me zan riƙa dafawa mai sauri kuma mai daɗi, wanda ko baƙo ya ci ba zan ji kunya ba?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na daɗe ina girkin biki da suna a garin nan, ina kuma koya wa 'yan mata girki kafin a kai su ɗaki, kuma babu tambayar da ta kai wannan yawan zuwa min. Masu yin ta yawanci jira suke in jero musu sunayen abinci ashirin. Ai kin san sunayen tun kina gidanku. Abin da ke wahalar da ke shi ne kullum daga tushe kike farawa: ki ajiye jaka, ki cire hijabi, sannan ki zauna ɓare albasa, a aiki yaro markaɗe ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, ya dawo ki ɗora tumatir ki tsaya jiran ya tsotse. Awa guda ta tafi, shinkafa ko wuta ba ta gani ba. A girkinmu kayan miya ne ke cin lokaci, kuma a cikinsu daɗin yake. To ki ware wannan aikin ki yi shi sau ɗaya a mako, sauran kwanakin haɗawa kawai za ki riƙa yi. Ma'aikatan gwamnatin jiha, tun da aka mayar da su kwana huɗu a ofis a Disambar 2021, da yawansu Juma'a suka mayar ranar wannan aiki. Ke da kike makarantar kuɗi, Asabar ce taki.

Ki yi sammakon zuwa Bakin Dogo, ko duk kasuwar da ta fi miki kusa, kafin rana ta taɓa kayan gwari. Ga gida mai mutum biyar ko shida, tumatir cikin ƙaramar robar fenti, tattasai kamar goma sha biyar, albasa manya biyar, attaruhu gwargwadon bakin yaranki, za su kai ki mako. Ki zaɓi tumatir mai tsoka, irin dogayen nan da ake cewa UTC, domin mai ruwa asarar gas ne kawai. Idan damina ta shigo tumatir ya yi tsada, kada ki tsaya jayayya da mai kaya. Ki ƙara tattasai da albasa, ki sayi kauɗa ki jiƙa ta da ruwan zafi, ki wanke ta sau uku saboda yashi, ki haɗa da karas biyu ko yankin kabewa a markaɗen. Da yawanmu a 2016 muka koyi wannan dabara, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Miya ta yi, kuma babu wanda ya tashi daga kwano ya ce ina tumatir.

Ga inda mata da yawa ke kuskure. Suna zuba ɗanyen markaɗe cikin mai, sai ya yi ta tafasa a cikin man, bai dahu ba bai soyu ba, a ƙarshe a jefa masa kanwa ko bakin foda don a kashe tsami. Ki raba aikin biyu. Da farko ki zuba markaɗen a tukunya mai faɗin baki, babu mai, babu murfi, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone, ya koma kamar kwaɓin da za ki iya jan layi da ludayi a tsakiyarsa ki ga gindin tukunya. Sannan a wata tukunyar ki zuba man gyaɗa kamar ludayin miya huɗu, ki yanka albasa biyu manya a ciki, ki rage wuta. Kada ki yi gaggawar albasar nan. Ki bar ta ta yi laushi, ta fara yin ruwan zuma a gefe-gefe, domin zaƙin da take saki a lokacin shi ne ainihin maganin tsamin tumatir. Ki jefa dakakkiyar daddawa ƙulli biyu, ki juya sau biyu, sai ki juye dafaffen markaɗen.

Daga nan kunne da ido ne za su gaya miki. Da farko za ki ji yana fal-fal-fal yana fantsama a bango. Can sai ƙarar ta sauya ta koma siririya, irin ta suya, launin ya tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, man ya taso ya kwanta a sama yana ƙyalli, kayan miyan kuma su rarrabu kamar gudaji-gudaji. Ki ɗanɗana: idan babu gafi a bayan harshenki, ya yi. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin da ƙaramar wuta, kina juyawa kada ya kama. Gishiri kaɗan kawai za ki sa. Kori da sauran kayan ƙamshin kanti ki bar su tukuna, saboda wannan soyayyen kayan miya gobe zai shiga fate, jibi ya shiga miyar taushe, kuma babu mai son jin kori a miyar taushe.

Ajiyarsa tana da nata ka'ida, kuma ni da hannuna na sha kashi a kanta. Shekarun baya na soya kayan miyan wani suna, na juye shi da zafinsa a babban bokiti guda, na rufe na tura firiza, na kwanta ina jin na gama da duniya. Cikin dare aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana biyu. Da na buɗe, gefen ya yi sanyi, amma tsakiyar kumfa take yi, tsami ya bugi hancina tun kafin in sa cokali. Na koma kasuwa da kuɗin aljihuna. Tun daga ranar a faranti mai faɗi nake baza shi ya huce da wuri, sannan in rarraba a ƙananan robobi, kowace roba girkin rana ɗaya, in tsiyaya ɗan man a samanta ya rufe. Wadda kika ciro kin ciro ke nan, ba ta komawa. Idan wutar layinku ba abin dogaro ba ce, kada ki yi na mako guda. Ki yi na kwana uku, ki soya shi ya bushe sosai, kowace safiya kafin ki fita ki ɗora shi ya tafasa har tsakiya, kuma kada cokali mai jiƙa ya shiga ciki.

Tukunya ta biyu ta ranar Asabar ita ce ta nama. Idan maigida zai iya leƙa mayankar Zango da ke Tudun Wada da safe, ki ce ya haɗo miki da ƙashi mai ɓargo, ba tsoka zalla ba, domin romon ƙashi ya fi. Ki ɗora naman da albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, kanumfari uku ko huɗu, masoro da gishiri, ba tare da ruwa ba, ki rufe minti goma ya fitar da ruwan jikinsa ya sha kayan. Bayan nan ne za ki ƙara ruwa ya nuna. Citta kam ki nemi ɗanya. Jiharmu ce gidanta, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko, kuma duk da tsadar da ta yi tun cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023, ɗan yatsa guda na ɗanya ya fi cokali uku na garin da ya shekara a kwalba. Ki tsame naman, ki soya rabi sama-sama, ki bar rabi a dafe. Romon ki tace ki rarraba shi ma. Wannan romo shi ne zai zama ruwan sanwarki duk mako.

Sai yaji. Ƙuli-ƙuli mai kyau, busasshen barkono, busasshiyar citta, ɗan kimba, masoro, gishiri da ɗunƙule, a daka a tankaɗe a zuba a kwalba mai murfi. Na wata guda ne wannan. Ki shinshina ƙuli-ƙulin kafin ki saya, wanda ya yi warin tsohon mai zai ɓata miki kwalbar gaba ɗaya.

Tunda na ambaci ɗunƙule, bari in faɗi ra'ayina. Ba na cikin masu cewa guba ne, ina amfani da shi. Amma abin da ke sa shi daɗi, wani sinadari ne da ake kira gulutamet, wanda wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano sirrin ɗanɗanonsa a 1908, kuma shi ɗin ne dai Allah ya zuba a cikin daddawa, da busasshen kifi, da nunannen tumatir, da romon nama. Kakanninmu da shi suke girki ba su san sunansa ba. Bambancin shi ne ɗunƙule wajen rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Idan akwai daddawa a kayan miyanki, ga romo, za ki ga tukunyar da kike jefa wa ɗunƙule shida biyu sun ishe ta.

Yanzu ga ki kin shigo ƙarfe biyu da rabi. Tun da safe kin ciro roba ɗaya ta kayan miya da ɗaya ta romo kin ajiye a ƙasan firij sun saki. Dafa-duka minti talatin ce: ki juye kayan miyan a tukunya, yanzu ne za ki sa kori idan kina so, ki zuba romo ki ƙara ruwa, ki gyara busasshen kifi ki jefa. Ki ɗanɗana sanwar, ta ɗan fi yadda kike so gishiri, saboda shinkafa za ta shanye. Idan ta tafasa ki zuba wankakkiyar shinkafa gwangwani huɗu, ruwan ya ɗan haura kanta da kamar gaɓar yatsa, ba fiye ba. Da ta sake tafasa ki mayar da wuta can ƙasa ki rufe ruf. Turiri ne ke dafa dafa-duka, yawan ruwa caɓa ta yake yi. Masu rufe ta da leda su daina, murfi mai kama baki ya wadatar. Ki je ki yi salla, ki cire wa yara kayan makaranta. Idan kin dawo ki yanka ɗanyar albasa a kai, ki zuba cokali guda na soyayyen man shanu, ki sake rufewa minti uku. Wannan albasa da man shanu na ƙarshe su ne ƙamshin da maƙwabta ke jiyowa. Idan 'yar Hausa ce shinkafar, ki rege ta tun Asabar ki shanya, kuma ki rage mata ruwa.

Garau-garau ba ya ma buƙatar kayan miya. Kafin ki fita da safe ki jiƙa waken, idan kin dawo zai nuna da wuri ba sai kin cika masa kanwa ba. Ki soya mai da albasa mai yawa, ga yajinki a kwalba, ki yanka kabeji da tumatir da kokwamba. Yara sun fi son wannan a kan abin da kika wahala a kansa, haka suke.

Ɗan wake kuwa ina mamakin yadda mata masu aiki suka yar da shi, alhali shi ma ba ya cin lokaci. Ki haɗa garinsa ki ajiye: garin wake kofi biyu, garin rogo ko fulawa kofi ɗaya, kuka cokali biyu. Kina shigowa ki ɗora ruwa, kafin ya tafasa kin kwaɓa da ruwan kanwa kaɗan, kwaɓin ya yi danƙo, idan kin ɗago da yatsu ya biyo ki amma bai zuba ba. Ki riƙa tsinkowa kina jefawa. Za su nutse, can su taso ɗaya bayan ɗaya, kumfa ta biyo su tana neman zuba, sai ki rage wuta ki bar tukunyar a buɗe. Minti goma bayan sun taso ki ciro ɗaya ki raba shi: idan cikinsa launi ɗaya ne da bayansa, babu fari-fari, ya nuna. Ki tsame cikin ruwan sanyi, ki tsane, mai da yaji da dafaffen ƙwai.

Faten doya ko na dankalin turawa, roba ɗaya ta kayan miya ce da romo da manja kaɗan, a rufe da alayyahu dab da saukewa. Acca ma ki riƙa ajiyewa, tunda daga kudancin jihar nan ake kawo ta. Wanke yashinta ne kawai aiki, amma tana shiga ruwan zafi 'yan mintuna ta nuna, kuma fatenta da yakuwa da gyaɗa ba shi da nauyi ga mai komawa islamiyya. Taliyar da maigida ke miki ba'a a kanta ma kada ki kore ta. Ki dafa ta a cikin romo da kayan miyan nan, da karas da kifi, ki ga ko zai sake magana. Tuwon shinkafa da waina da sinasir dai ki bar wa ƙarshen mako, ba abincin mai dawowa aiki ba ne, duk wadda ta ce miki tana yi cikin minti ashirin tana da mai taya ta.

Mu zo kan baƙi. Kuskuren amare shi ne son a ga kala biyar a tire, a ƙarshe shinkafa ta caɓe, nama bai nuna ba, uwar gida ta fito ido ja. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abokan miji da suka biyo shi bayan la'asar, abinci ɗaya mai kyau, nama, da abin sha mai sanyi, shi ke nan kin fita kunya. Suna zama a kai musu ruwa da zoɓo da ɗan abin taɓawa, ko dabino ne ko soyayyar gyaɗa. Wanda ya jiƙa maƙoshi yana hira ba ya duba agogo, kin samu rabin awa ke nan.

A rabin awar nan, farfesu ne abokin rufin asirinki. Dafaffen naman da kika ajiye da romonsa, ki ƙara jajjagen attaruhu da albasa, dakakkiyar citta da tafarnuwa, ɗan kimba da gyaɗar miya, cokali ɗaya na soyayyen kayan miya don launi, minti goma sha biyar ya haɗe. A kai da burodi ko farar shinkafa. Idan naman ya ƙare, babu abin kunya a aiki yaro wurin mai balangu. Amma kada ki kai shi a takardarsa: ki juye a kasko da yankakkiyar albasa da koren tattasai da cokalin kayan miyanki, ki juya minti uku, ki zuba a kan dafa-duka. Ni kaina na sha yin haka, an kuma yaba hannuna, ban ce uffan ba.

Idan an sanar da ke tun jiya, to dambun shinkafa ne. Ɓarzajjiyar shinkafa, ki wanke ki tsane ta sosai a rariya, ki turara a madambaci har ta yi rabin nuna. Ki juye a roba, ki zuba zogale, albasa mai yawa, jajjagen attaruhu, dakakkiyar gyaɗa, karas, gishiri da ɗunƙule, ki yayyafa ruwa kaɗan da mai, ki cakuɗa ki mayar ta turara karo na biyu. Sirrinsa tsanewar farko ce: idan ta shiga madambaci da ruwa a jikinta, dunƙulewa za ta yi kamar tuwo maimakon ta yi wara-wara. Kyansa kuma yana jira a kula awa biyu bai canza ba, ko baƙin sun makara. Idan ƙawayenki ne mata, ba sai kin ɗora tukunya babba ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko awara da aka tsoma a ƙwai aka soya da yaji a gefe, ana ci ana hira har magariba.

Zoɓon ki dafa shi da kauri tun Asabar da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, ki tace ki sa a gora a firiza ba sukari. Ranar buƙata ki sirka da ruwa ki sa sukarin. Kunun aya kada ki yi masa haka, ba ya jure ajiya, ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ta isa ta tsamar da shi. Na ranar ne kawai.

Abu ɗaya da ba na so ki ɗauka daga maganata shi ne dafa shinkafar mako a ajiye. Kayan miya da romo da nama ake ajiyewa, shinkafa kullum sabuwa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin shinkafa wadda dahuwa ba ta gamawa da ita, idan aka bar dafaffiya ta wuni a tukunya cikin zafin nan namu na bazara sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Aman da yara ke yi a ce sanyi ne ko mayu, wani lokaci daga nan yake. Wadda ta rage, cikin awa biyu ta shiga firij, gobe a ɗumama ta ta yi zafi har ciki, sau ɗaya tak.

Shi kuma maigida, ki same shi cikin raha bayan ya ci ya ƙoshi, ki roƙe shi abu biyu. Na farko, cefanen Asabar ya riƙa zuwa a dunƙule maimakon na kullum-kullum, zai ma ga kuɗin ya fi auki. Na biyu, ranar da zai taho da jama'arsa, ya bugo tun suna Titin Ahmadu Bello, ba sai sun yi fakin a ƙofar gida ba. Da cunkoson yamma, kafin su iso Unguwar Dosa farfesunki ya tafasa, shinkafa tana turara.